San-Kulod, garin masassaƙan lofe

A gabashin ƙasar Faransa, cikin duwatsun Jura, daf da iyakar Suwis, akwai wani ƙaramin gari mai suna San-Kulod (Saint-Claude). Mutanensa a yau ba su cika dubu 10 ba, wato unguwa guda daga cikin manyan unguwannin Maraɗi ko Damagaram tana iya fin sa jama'a. Ba a noman taba a ƙasarsa, sanyi ba ya bari. Icen da ake sassaƙa lofe da shi ma ba ya fitowa a can, sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa kudu. Duk da haka, fiye da shekara 150 ke nan, duk wanda ya san sha'anin taba a Turai da Amurka, in aka ce masa lofe, San-Kulod ne ke faɗo masa a rai.

Mai zuwa daga Paris yakan shiga jirgin ƙasa mai gudu, ya sauka a garin Dol bayan wajen awa 2. Daga nan sai ƙaramin jirgi, mai bin hanyar da mutanen wurin ke kira layin tsattsewa, sabili da yadda yake ratsa sararin sama bisa dogayen gadoji. Tsawon layin kilomita 123 ne, amma a cikinsu akwai ramuka 36 da aka huda cikin dutse, da manyan gadoji 18. Jirgin yana hawa sannu a hankali cikin dajin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, yana wuce makiyaya inda shanu masu ja da fari ke kiwo da ƙararrawa a wuya; da nononsu ne ake yin cukun nan na Comté. Sa'an nan ya gangara Morez, garin maƙeran tabarau, ya bi kwazazzabon kogin Biyen har ƙarshen hanya. Ƙarshen hanya ne kuwa da gaske, domin tun 2017 aka rufe sashen layin da ke zarcewa kudu zuwa Oyonaks.

Garin yana kwance ne cikin rami mai zurfi, inda Biyen ya haɗu da wani ƙaramin kogi mai suna Takon. Da yake fili ya yi ƙaranci, sai gine-gine suka yi sama: gidaje masu hawa biyar da shida, jere a bakin gangare, ƙafafunsu cikin kwari. Babbar gadar tsakiyar gari ta ɗaga wajen mita 50 bisa ruwa, mai jin jiri ba ya leƙawa. Lokacin sanyi rana ba ta leƙo titunan sai hantsi ya dubi ludayi, ta kuma ɓuya bayan dutse tun kafin la'asar sakaliya. Kusa da babbar majami'ar garin an girke wani ƙaton lofe wanda tsawonsa ya haura mita 7, don kada baƙo ya yi shakkar inda ya sauka.

Asalin garin gidan ibada ne. Wajen shekara ta 430 wasu ƴan'uwa biyu Kirista masu gudun duniya, Roman da Lupisan, suka zauna a mahaɗar kogunan, mabiya suka taru gare su. A ƙarni na 7 wani mai suna Kulod ya shugabanci gidan. A ƙarni na 12 aka buɗe kabarinsa, aka ce an tarar gawarsa ba ta ruɓe ba. Labari ya watsu, masu ziyara suka dinga kwararowa daga ko'ina, har da sarkin Faransa Luwi na 11, garin kuma ya ɗauki sunan mutumin. To, mai ziyara, ko na wane addini ne, ba ya son komawa gida ba tsaraba. Talakawan kwarin, waɗanda dusar ƙanƙara ke hana wa noma kusan rabin shekara, sai suka koyi juya ice bisa na'ura, suna yin carbi da ƴan gumaka da cokula da sarewa suna sayarwa. Ruwan kogunan ne daga baya ya riƙa juya musu na'urorin, shi ya sa tsofaffin masana'antun garin duk a ƙasan kwari suke.

Taba kuwa daga Amurka ta zo Turai. A 1560 jakadan Faransa a Fotugal, Jan Niko, ya aika da ita fadar sarki a matsayin magani. Daga sunansa aka samo kalmar nikotin. Da shaƙar taba ta yaɗu, masassaƙan San-Kulod suka ƙara da yin batta, da karan lofe na ice da na ƙaho, waɗanda ake haɗawa da tukwanen yumɓu da ake ginawa a wasu garuruwa. A 1794, zamanin juyin-juya-hali, aka ƙone gawar Kulod. A 1799 gobara ta cinye kusan garin duka. Ziyara ta mutu, amma na'urori da gwanintar hannu suka wanzu, hannun da ya saba da ƴaƴan carbi ya koma ga kayan taba. Malaman ƙasashen Musulmi ma sun sha muhawara kan wannan ganye tun zuwansa: Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta a farkon ƙarni na 17 cewa halal ne, wasu suka haramta, ɗariƙar Tijjaniyya kuma har yau tana hana mabiyanta.

Abin da ya ɗaga garin shi ne wani ice da ya iso wajen 1855. Kafin lokacin kowane irin lofe da aibinsa. Na yumɓu arha ne amma da ya faɗi ya fashe, ga zafi a hannu. Na farin dutsen nan mai taushi da ake haƙowa a Turkiyya yana da daɗi, sai dai na masu hali ne. Na icen gida kuwa wuta ke cin sa tare da tabar, ya bar ɗaci a baki. Mutanen garin suna ba da labarin wani mai sana'ar da ya tafi tsibirin Kors ziyarar mahaifar Napoleyon, lofensa ya karye, wani makiyayi ya sassaƙa masa sabo daga saiwar wani tsiro na daji. Labarin ya fi kama da tatsuniyar ƴan kasuwa, amma tsiron gaskiya ne. Faransawa na kiran sa buriyer. Yana fitowa a busassun tuddai na kewayen Bahar Rum: Kors, kudancin Faransa, Italiya, Girka, Spaniya, Maroko da Aljeriya. Abin mamaki, ana samun sa har a ƙololuwar duwatsun Tibesti na Cadi da tuddan Habasha.

Ba reshensa ake so ba, ba kuma saiwar kanta ba. Tsakanin saiwa da gindi yana tara wani dunƙule kamar ƙatuwar doya, inda yake ajiyar ruwa don rani, ya kuma sake tohowa daga nan in gobarar daji ta cinye samansa. Wannan dunƙulen yana da tauri ƙwarai, ba shi da nauyi sosai, yana jure wuta, yana kuma shan damshi. Sai ya shekara 30 ko fiye kafin ya kai girman amfani. Ana haƙo shi da hannu, a ajiye shi cikin danshi don kada ya tsage, a yanka shi gunduwa-gunduwa da zarto, a dafa cikin manyan tukwane awoyi da yawa har ruwan icen mai ɗaci ya fita, sa'an nan a shanya a inuwa wata da watanni, wani lokaci shekaru. Zamanin mulkin mallaka Aljeriya ce ke cikin manyan masu ba da wannan ice, cikin buhuna, ta tashar jirgin ruwa ta Marsai.

A masana'anta gunduwa guda takan bi ta hannu da yawa. Wani ya daidaita girmanta, wani ya juya tukunyar ya rarake cikinta, wani ya fitar da wuyan, wani ya huda ƴar hanyar hayaƙi, wadda dole ta faɗa daidai ƙasan tukunya. In ta yi sama tabar ƙasa ba ta ci, in ta yi ƙasa lofe ya riƙa tara ruwa. Wani ya kankare sauran da magagari, wani ya haɗa karan baki, na baƙar roba mai tauri ko na filastik. Gogewa, wadda ita ce mafi yawan aiki da ƙura, mata ne suka fi yin ta tun da, suna zaune gaban faifai masu juyawa daga safe har yamma. Sirrin cinikin kuwa yana wajen tantancewa. Ice ne da ya girma cikin ƙasa, don haka ba a san abin da ke cikinsa sai an sassaƙa: ƙwayar yashi, ƙaramin dutse, tsaga, ramin tsutsa. Kaɗan ƙwarai ne ke fitowa ba tabo. Masu ƙaramin aibi a cike su da wani ƙulli a shafe da rini, wasu a fesa musu yashi su yi kaushi, marasa aibi kuwa a bar su da launin icensu, a sa musu kuɗi ninkin-ba-ninkin. Masana suna neman zane iri biyu: wanda jijiyoyin icen suka miƙe sama kamar harshen wuta, da mai ɗigo-ɗigo da suke kira idon fakara.

A nan ne ɗan kasuwa zai tsaya ya yi lissafi. Makiyayin Aljeriya da ya haƙo dunƙulen ya samu ladan haƙa. San-Kulod ta samu ladan hannu, ta sayar da lofe dozin goma sha biyu-goma sha biyu. Amma mafi tsokar riba sau da yawa Landan ta tafi, domin tukwane masu ɗimbin yawa da aka juya a kwarin Biyen an kai su Ingila, aka ƙarasa su, aka buga musu hatimin kamfanonin can, suka shiga duniya da sunan lofen Ingilishi. Wasu daga cikin iyalan garin sun gane haka da wuri. Gidan Comoy, wanda ya fara sana'ar a wani ƙauye kusa da garin a 1825, ya buɗe masana'anta a Landan a 1879. Daga haɗuwarsu da danginsu na gidan Chapuis aka samu tambarin Chacom, wanda har yanzu ake yi a yankin. Tambarin Butz-Choquin kuma, da aka kafa a Mes a 1858, ya dawo San-Kulod a 1951. Duk wanda ya ga yadda fatar jar akuyar Maraɗi ke fita ɗanya, ta koma jaka ko safar hannu mai sunan wani gari na Turai, ya san wannan lissafi ba sai an koya masa ba.

Haka garin ya yi da lu'ulu'u ma: ba shi da ma'adininsa ko ƙwaya, amma tun ƙarshen ƙarni na 19 ya zama wurin feƙe shi. A shekarun 1920 dubban ma'aikata ne ke sana'ar lofe, ana fitar da miliyoyi kowace shekara. Ma'aikatan suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa masu ƙarfi, suka buɗe Gidan Jama'a a 1910, da kantin abinci da ɗakin wasa da maɗaba'a a ciki. Wannan al'ada ta tsayuwa da ƙafa ta jawo musu bala'i lokacin mamayar Jamus: ranar 9 ga Afrilu 1944 sojoji suka tara mazan garin a dandali, suka kwashe 302 zuwa sansanin Bukenwal, 186 ba su komo ba.

Baƙon da ya shiga ɗaya daga cikin kantunan babban titi, ya ce shi sabon shiga ne, mai kanti na kirki ba zai miƙo masa mafi tsada ba. Zai kira shi Mushe, ya zaunar da shi, ya nuna masa miƙaƙƙen lofe mai matsakaiciyar tukunya, marar nauyi, mai kaurin bango, wanda ba a shafe da fenti mai ƙyalli ba. Irin wannan yana iya kamawa yuro 50, kusan jika 33 na sefa. Zai zura ƴar waya mai gashin auduga ta baki, ya nuna masa ta fito ƙasan tukunya ba tare da ta sarƙe ba. Zai haɗa masa da ƙunshin waɗannan wayoyi da madanni, wani ɗan ƙarfe mai faffaɗan kai da tsinke da ƙaramin cokali. Tabar kuwa sai dai ya tafi kantin da ke da jan tambari a ƙofa, domin a Faransa sayar da taba izni ne na gwamnati, ƙarƙashin kulawar duwan, al'adar da ta samo asali tun 1674.

Darasi na farko shi ne cikawa, a nan kuma yawancin masu koyo ke faɗuwa. Tabar kada ta jiƙe har ta manne a yatsa, kada kuma ta bushe ta zama gari. Ana warware ta bisa takarda, a zuba sau uku. Tsunkule na farko a sake shi ya faɗa ƙasa, a taɓa shi kawai. Na biyu a danna kaɗan. Na uku a danna da ɗan ƙarfi. Tsofaffin mashaya sukan ce na farko da hannun yaro, na biyu da hannun mace, na uku da hannun namiji. Kafin a kunna sai a zuƙa a ji: in iska na wucewa fayau, ya yi sako-sako, zai ci da sauri ya ƙona harshe, in sai an yi da kumatu, ya matse, zai riƙa mutuwa. Wanda ya matse ba a gyara shi, zazzagewa ake a sake.

Kunnawa sau biyu ce. Ashana ta fi, a bari kanta ya gama ci, sa'an nan a kewaya da harshen wutar bisa tabar ana zuƙa a hankali, ba tare da an lashe bakin tukunyar ba. Tabar za ta kumbura ta taso, wutar ta mutu. Ba laifi ba ne, haka ake so. A danne tokar da madanni sannu, a sake kunnawa, wannan ita ce ta gaske. Daga nan sauran duk haƙuri ne. Ba a haɗiye hayaƙin zuwa ƙirji kamar na sigari, a baki ake juya shi a fitar. Zuƙa ƙanana ce, da tazara tsakani. Mai koyo yakan ji tsoron mutuwar wuta ya yi ta zuƙa kamar maƙeri bisa zugazugi, tukunya ta yi zafi, harshe ya sale, washegari ko shayi ba ya iya kurɓa. Ma'aunin mai sauƙi ne: in hannu ba ya iya riƙe tukunyar, an yi gaggawa, a ajiye ta huce. Lofe ya mutu sau biyar a sake kunna shi sau biyar, ba wanda zai yi dariya a San-Kulod. In ya fara ƙara kamar mai kurkure baki, ruwa ne ya taru, a zura wayar auduga a tsane. Cika guda tana ɗaukar rabin awa zuwa awa ɗaya.

Sabon lofe kuma sai an hore shi, kamar sabuwar tukunyar ƙasa. Abin da ake nema shi ne ƙanzo, wani baƙin ɓawo na toka da gawayi da ke manne wa bangon ciki, yana kare icen daga wuta. Tsohuwar hanya ita ce a cika sulusi kawai a shaye-shayen farko, a shanye har ƙasa, sa'an nan rabi, sa'an nan duka, don ƙanzon ya kama daga gindi zuwa sama. Masu sana'ar ba su haɗu a kan wannan ba: wasu na cewa tun da yawancin lofen yanzu ana shafa musu gawayi a ciki tun daga masana'anta, a cika kawai a sha a hankali. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne kaurin: milimita ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa. In ya wuce haka, ƙanzon yakan buɗe da zafi fiye da icen, ya tsaga tukunyar daga ciki. Ana rage shi da makankari marar tsini. Wuƙar aljihu ta huda gindin lofe da yawa.

Masu gyara a garin suna gane halin mutum daga lofensa. Wanda bakin tukunyarsa ya lotse, mai shi yana buga shi a dugadugin takalmi ko a bango don zubar da toka; daidai shi ne a bari ya huce, a motsa tokar da ɗan cokalin, a zazzage cikin tafin hannu. Wanda wuyansa ya tsage, an zare karan ne tun yana da zafi, lokacin da ice da roba suka kumbura. Sai ya yi sanyi ake murɗa shi a hankali ya fita. Wanda ke wari mai tsami, ba a ba shi hutu ba. Ice yana shan damshin hayaƙi, yana buƙatar yini guda cur ya bushe, a jingine, tukunya ƙasa kara sama. Don haka mai sha kullum ba ya wadatuwa da lofe guda, ga kuma inda mai kanti ke samun nasa. Bayan kowane sha a zura wayar auduga har ta fito fara. Ba a wanke shi da ruwa da sabulu. In ɗaci ya kama shi, a cika tukunyar da gishiri, a ɗiga alkol na kantin magani, a bar shi kwana guda, gishirin ya jawo dattin ya koma ruwan ƙasa. Ba a aron lofe kuma, kamar yadda ba a aron asuwaki.

Wanda zai kawo irin wannan kaya ƙasar zafi yana da ƙarin aiki. Baƙar robar kara ba ta son rana, takan koma kore-kore ta yi ɗaci, lofen da aka manta gaban gilashin mota da tsakar rana a Tawa ya gama yawo. Iskar hunturu kuma tana mayar da tabar lofe gari cikin kwana biyu in ba a rufe ta cikin kwalba mai marfin roba ba. Tabar gida, irin wadda ake nomawa a fadamun Gulbin Maraɗi, ta fi ta Turai ƙarfi nesa. An fi cin ta da kanwa ko shaƙa ta, tsofaffi kuma suna zuba ta a lofen yumɓu mai dogon kara, wanda tsawonsa ke sanyaya hayaƙin.

Jinkirin nan har gasa ake yi a kansa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ita ce a ba kowa lofe iri ɗaya, da taba giram 3, da ashana 2, da madanni na ice. Minti 5 na cikawa, minti 1 na kunnawa, daga nan wanda wutarsa ta mutu ya fita. Sabon shiga ba ya kai rabin awa. Gwanaye, Italiyawa musamman, sun haura awa 3 da wannan ɗan tsunkule. Garin yana da ƙungiyar manyan masu sana'ar, wadda aka kafa a 1966 da goyon bayan Edgar For, ɗan siyasar Jura da ya shugabanci gwamnatin Faransa sau biyu. Suna sa riguna na musamman su naɗa sababbin membobi, kowane wanda aka naɗa kuma ya bar lofe guda mai sunansa a gidan tarihin lofe da lu'ulu'u da ke gefen majami'a.

Sai dai akwai maganar da mai kanti ba zai fara ba, likita ne zai faɗe ta. Mashaya lofe sun daɗe suna kwantar da hankalinsu da cewa tun da ba sa haɗiye hayaƙi, cutar taba ta masu sigari ce. Tarihin likitanci ya nuna akasin haka: a kan masu lofe aka fara lura da ita. A 1795 likitan Jamus Zomerin ya danganta sankarar leɓe da lofe. A tsakiyar ƙarni na 19 wani likitan Mompeliye mai suna Buwison ya lura cewa kusan dukan majinyatansa masu sankarar baki mashaya lofe ne. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2004, a kan maza masu shan lofe kaɗai, ya samu haɗarin mutuwa da sankarar huhu ya ninka wajen sau 5 bisa na wanda bai taɓa shan taba ba, ga na maƙogwaro da baki da hanyar abinci, ga ciwon zuciya. Ya fi sigari sauƙi a wasu fannoni, amma nesa yake da lafiya, kuma nikotin ɗin da ke kama mutum ta fatar baki yake shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara. Icen buriyer komai kyan zanensa ba ya tace ko ɗaya daga cikin wannan, haka ƴar matatar gawayi da ake sakawa a karan wasu. Wanda bai fara ba, babu abin da ke cikin kantunan San-Kulod da ya cancanci ya fara dominsa.

Dokoki sun bi bayan likitoci. A Faransa dokar Eban ta 1991 ta hana tallar taba, a 2007 aka hana sha a ofisoshi da wuraren jama'a, a 2008 aka haɗa da gidajen abinci da na shan gahawa. Nijar ma ta kafa tata dokar yaƙi da taba a 2006. Amma gaskiya ba doka ce ta fara karya San-Kulod ba. Sigari ne, tun bayan yaƙin duniya na farko, da karayar tattalin arziki ta 1929, wadda ta rufe kasuwar Amurka da Ingila. Ma'aikacin biro mai hutun minti biyar ba shi da awa guda ta zama da madanni a hannu. Garin ya nemi mafita a filastik da kayan gyaran mota, ya jawo ma'aikata daga Italiya da Fotugal da Turkiyya da Magrib. Waɗannan ma sun yi rauni: a 2018 aka rufe ɗakin haihuwa na asibitin garin, a 2021 babbar maƙerar alminiyon, mai ma'aikata kusan 300, ta rushe.

Masu lofe da suka rage ƴan gidaje ne da ake ƙirgawa da yatsu, da wasu masassaƙa masu aiki su kaɗai, suna yin ɗaya-ɗaya da hannu. Yawancin abin da suke yi waje yake tafiya, Jamus da Amurka da Sin, ko ta intanet. Tsofaffin masana'antun ƙasan kwari da yawa tagoginsu a rufe suke, wasu an mai da su gidajen haya. A waɗanda ke aiki, na'urorin da aka girka tun kafin yaƙi suna juyawa har yanzu, buhunan gunduwar ice na bushewa a bene, ƙura ja tana kwance bisa komai. Wani sashe na aikin yanzu gyara ne. Gidan waya yana kawo ƙananan ƙunshi daga garuruwa masu nisa, a ciki tsohon lofe mai karyayyen kara ko cinyayyen baki, sau da yawa na mahaifi ko kaka da ya rasu. Mai gyara ya auna wuyan, ya feƙe sabon kara daidai da shi, ya rage ƙanzon, ya goge icen da kaki har zanen ya fito, ya naɗe cikin takarda ya mayar wa mai shi.